Rediyo mai katin memori da Littafi Mai Tsarki na Hausa: abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Ƙaramar rediyon nan mai cin katin memori, wadda ake sayarwa a rumfunan masu kayan waya daga Ngaundere har Kusiri a arewacin Kamaru, ta zama Littafi Mai Tsarki na gidaje da yawa. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Tana da lasifika ɗaya, eriya, ramin kati, ramin filas, ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi, wasu har da tocila a gefe. Mutum zai sayi rediyon, ya kai kati wurin mai tura waƙoƙi a zuba masa karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya koma gida. Kiristocin da ke sujada da Hausa a wannan yanki ba su kai masu Fillanci ko Faransanci yawa ba, amma suna nan: 'yan kasuwa da masu sana'a da suka ƙetaro daga Mubi da Yola suka zauna a Garwa, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Mokolo da Mora, da kuma mazauna sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe a 2013, waɗanda da yawansu daga ƙasar Gwoza suka fito kuma da Hausa suka saba waƙa da addu'a.

Ra'ayinmu a kanta shi ne a saya. Ga tsohuwar da idonta ya raunana, ga manomin da bai shiga makaranta ba, ga matar da hannunta ke cikin wanki ko tuƙin tuwo, babu abin da ya kai ta sauƙi. Sai dai yadda ake sayar da ita a kasuwa, rabin aiki aka yi. Na'urar ba ta san Lahadi ta nawa ake ciki ba, ba ta san ko mai ita Katolika ne ko Lutaran ko Baptis ba. Lamba kawai ta sani. Idan ba a tsara katin ba, ba a kuma ɗaura shi da karatun da ikilisiya ke bi ba, bayan wata biyu karatun zai maƙale a tsakiyar Littafin Firistoci, rediyon ta koma kama tasha kawai.

A fara da jikin rediyon. Wadda ba ta da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9, kada a ɗauka ko an rage mata kuɗi. Littattafai 66 suna ɗauke da surori 1189, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabon Alkawari, kuma yawanci kowace sura fayil guda ce. Mai neman Matiyu da maɓallin gaba kaɗai sai ya danna sau 929. Abu na biyu, a gwada ko tana tuna inda ta tsaya: a kunna wata sura, a bar ta ta yi minti ɗaya, a kashe, a sake kunnawa. Mai kyau za ta ɗora daga wurin, ta biye mata za ta koma farkon surar, marar amfani kuma za ta koma Farawa sura 1. Abu na uku, a ga ko tana karɓar lamba mai gurbi huɗu. Wasu ba sa wuce 999, kuma a cikakken kati lamba 1000 ita ce Yahaya sura 3, wato mai irin wannan rediyo ya rasa kusan dukan Bisharar Yahaya, Ayyukan Manzanni, wasiƙu da Wahayi.

Batir iri biyu aka fi samu: mai faɗi BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia, mai ƙarfin wajen 1000 mAh, da kuma dogo mai kama da ɗan yatsa, 18650, wanda ya fi daɗewa in na gaske ne. Kowanne aka samu, a tabbata ana iya buɗe murfi a canja shi, domin batir ne ke fara mutuwa, ba rediyon ba. Caji da wuta mai bolt 5 take so, irin ta cajar waya ko ƙaramin faifan sola mai ramin USB. Wanda ya jona ta kai tsaye da batirin mota ko na babban sola mai bolt 12 ya ƙone ta nan take. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, kada a bar ta tana caji a cikin rana ko a ƙarƙashin kwanon rufi. Faifan ya sha rana, rediyon ta zauna a inuwa, a sa doguwar waya a tsakani. Batirin da ya kumbura har murfi ya ƙi rufuwa a cire shi, kada a matse shi da roba. Ƙurar hunturu kuma ramin kati take cikawa, sai rediyon ta riƙa cewa babu kati alhali yana ciki. Ɗan salatif a bakin ramin filas da ba a amfani da shi, da jakar ƙyalle, sun isa.

Kati shi ne inda aka fi cutuwa. Lissafinsa mai sauƙi ne. Murya da aka naɗa a kan 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti) tana cin wajen megabait 29 a awa guda. Sabon Alkawari yana ɗaukar kimanin awa 20, wato bai kai gigabait ɗaya ba. Dukan Littafin ya haura awa 70, wato gigabait 2 da wani abu, ninki biyu in an naɗa a kan 128. Saboda haka kati mai gigabait 8 ya wadatar har da saura. Babu dalilin sayen mai 64: irinsa da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, ƙananan rediyoyin nan kuma FAT32 suka fi ganewa, da yawansu ba sa karanta abin da ya wuce 32. Ga kuma jabun kati, wanda aka rubuta wa 32 alhali cikinsa 2 ne ko 4. Kwamfuta za ta nuna an gama turawa lafiya, surorin farko su yi ta karatu garau, na ƙarshe kuwa shiru ko ƙara. Mai kwamfuta yana iya gwada katin da manhajar H2testw, amma mai saye yana da gwaji mafi sauri a hannunsa: kafin ya miƙa kuɗi, ya danna lambar ƙarshe. In cikakken kati ne, 1189 ta kawo Wahayi sura 22, 930 ta kawo Matiyu sura 1, 501 ta kawo Zabura 23. Uku ɗin nan in sun faɗa daidai, an tsira daga yawancin matsala.

In ba su faɗa daidai ba, ga inda laifin yake. Yawancin waɗannan rediyoyi ba sa bin sunan fayil, suna bin jerin da fayilolin suka shiga katin. Mai turawa yana zaune a rumfa, mutum biyar na jiransa, ya ja dukan fayiloli da linzami ya jefa a kati, kwamfuta ta fara da wanda hannunsa ya kama, sai ka ji Luka 14 ta riga Luka 1. Gyaran shi ne a share katin gaba ɗaya a kan FAT32, a sa wa kowane fayil lamba mai sifili a gaba (0001, 0002, har 1189, domin in babu sifili 10 takan riga 2), a jera su bisa suna, a tura littafi bayan littafi ba tare da gaggawa ba. Kada a sa komai a gaba: waƙar buɗewa guda ɗaya ko gaisuwar mai rikodi tana ture dukan lambobi da ɗaya. Kada kuma a ara wa kowa katin ya sa a wayarsa. Waya takan ƙirƙiro nata jakunkuna ta zuba sautuka a ciki, lissafi ya rikice. Fayil sai MP3. Saƙon murya na WhatsApp da fayilolin m4a yawancin rediyoyin ba sa karanta su. In an dawo daga rumfa aka ga jakunkuna sun zama gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, ƙwayar cutar kwamfutar ce ta ɓoye su, sai an sake sharewa a wata kwamfuta mai tsabta. Kuma a kashe rediyo kafin a zare kati.

Shawararmu ita ce a raba Littafin gida biyu. Kati na ɗaya, na yau da kullum, ya ɗauki Sabon Alkawari daga 1 zuwa 260, Zabura daga 261 zuwa 410, Karin Magana daga 411 zuwa 441. Da haka ko rediyo mai gurbi uku ta isa, lissafin kuma yaro ma zai riƙe: Matiyu lambar surarsa ce kai tsaye, Markus a ƙara 28, Luka 44, Yahaya 68, Ayyukan Manzanni 89, Romawa 117, Filibiyawa 174, Yakubu 217, Zabura 260, Karin Magana 410. Mai son Luka 15 ya danna 59, mai son Zabura 121 ya danna 381. A rubuta wannan a 'yar takarda da manyan haruffa, a manna a bayan rediyon, a lulluɓe da salatif mai haske. Ga tsohuwar da ba ta karatu, jikanta ya nuna mata lambobi uku ko huɗu da ta fi so, hannu zai riƙe su kamar yadda yake riƙe lambar wayar ɗanta. Kati na biyu ya ɗauki sauran Tsohon Alkawari, a ajiye shi a cikin takarda a tsakiyar littafin waƙoƙi, domin katin ya fi farce ƙanƙanta kuma in ya faɗi cikin yashi sai an sha nema.

A tambayi wace fassara ce. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi daga baya, sannan ga Sabon Rai Don Kowa mai Hausar yau. Bambancin yana fita tun daga sunaye: wata ta ce Yahaya, wata ta ce Yohanna, wata Almasihu, wata Kiristi, wata Wahayin Yahaya, wata Ru'ya ta Yohanna. Duk suna da kyau, amma gidan da yara ke haddar aya domin makarantar Lahadi ya kamata abin da kunne ke ji ya zama shi ne abin da ke cikin littafin da ake karantawa a majami'a, in ba haka ba yaro zai haɗa rabin wannan da rabin waccan. Akwai kuma rikodi iri biyu, na murya ɗaya da na muryoyi da yawa mai kiɗa a ƙasa. Na biyun yana riƙe yara a labaran Bishara da Ayyukan Manzanni, amma a ƙaramar lasifika kiɗan yakan danne kalmomi, musamman a wasiƙun Bulus inda kowace gaɓa ke da nauyi. Don sujadar iyali mun fi son murya ɗaya. In ana iya samun fayilolin ta hannun ikilisiya, ya fi na rumfa aminci, domin katin rumfa sau da yawa yakan zo cakuɗe da wa'azozin da ba a san masu su ba, a jere ɗaya da Nassi, mai sauraro kuma ba ya ganin inda maganar Allah ta ƙare ta mutum ta fara. Wa'azi da waƙoƙi su samu nasu katin.

'Yan'uwa Katolika su ne wannan kaya ya fi ragewa haƙƙi, kuma ya kamata a faɗa musu kafin su saya. Katin kasuwa kusan kullum na littattafai 66 ne, nasu kuwa 73 ne. Babu Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, Makabiyawa na ɗaya da na biyu, babu kuma ƙarin da ke cikin Esta da Daniyel. Waɗannan ba littattafan ajiya ba ne a wurinsu. Hikima sura 3 ake yawan karantawa a jana'iza, addu'ar Tobiya da Saratu ta Tobit sura 8 a ɗaurin aure, Sirak sura 3 a kan girmama iyaye ran idin Iyali Mai Tsarki bayan Kirsimeti, Baruk a daren Ista. Waɗannan sai a nemi bugaggen littafi, ko katikis mai murya ya naɗa su da waya a mai da su MP3 a ƙara a ƙarshen kati na biyu, a ƙarshe ba a tsakiya ba, don kada lambobi su motsa.

Sai maganar jadawali. Tun 1969, bayan Majalisar Batikan ta Biyu, karatun Lahadi na Katolika yana zagaye a shekara uku: shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, Yahaya kuma yana shigowa musamman a lokacin azumi da na Ista. Shekarar da 3 ta raba ba saura ita ce C, don haka 2025 C ce, 2026 A, 2027 B, sai dai a tuna shekarar ikilisiya da Lahadin farko ta Adbent, lokacin shiri kafin Kirsimeti, take farawa, ba da Janairu ba. Karatun Mas yanki ne na sura, wani lokaci har da tsallake ayoyi, rediyo kuwa sura sukutum take bayarwa kuma galibi ba ta ambaton lambar aya. Luka sura 1 tana da ayoyi 80, Zabura 119 kuwa 176. Mafita ita ce a ji dukan surar ran Asabar da dare, sai yankin da Fada zai karanta da safe ya zo a matsayin abin da aka riga aka san gabansa da bayansa.

Lambobin ma suna yaudara a nan Kamaru, inda fasto ko Fada zai faɗi aya daga littafin Faransanci jama'a su nema a na Hausa. A littafin Mas na Faransanci, zaburar makiyayi ita ce ta 22, a na Hausa ta 23, domin littafin Mas ɗin yana bin ƙirgen fassarar Girkanci. Daga wajen Zabura 10 zuwa 145 galibi a ƙara ɗaya kafin a danna. Littattafan Faransanci da yawa suna ƙirga kan zabura a matsayin aya, shi ya sa roƙon Dawuda na tsabtatacciyar zuciya yake 51:12 a can, 51:10 a nan. Alkawarin zubo Ruhu da ke Yowel 2:28 a Hausa, a fassarorin Faransanci na TOB da Bible de Jérusalem sura 3 aya 1 ne, Malakai sura 4 kuma ba ta nan sam, an haɗe ta cikin sura 3. Ko Dokoki Goma ba a ƙirga su iri ɗaya: ga Katolika da Lutaran doka ta huɗu ita ce girmama uwa da uba, ga Baptis da Adbentis ta huɗu ita ce ta Asabar. A taron sauraro da ya haɗa ɗarikoki, gara a kunna Fitowa 20 kowa ya ji da kunnensa da a tsaya musu a kan lamba.

To, in an ji, sai me? A nan kowace ɗarika tana da gadon da za ta kawo, kuma rediyon tana aiki da kowanne in an san maɓallin tsayarwa da na maimaita sura ɗaya. Katolika suna da hanyar da wani shugaban sufaye na Faransa, Guigo, ya tsara a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sannan natsuwa a gaban Allah. Da rediyo, a ji yankin sau biyu, a tsayar, a yi shiru na minti biyu ko uku, kowa ya faɗi kalma ɗaya da ta tsaya masa ba tare da sharhi ba, sannan a yi addu'a da ita. Ƙungiyoyin matasa da na ma'aikata sun san matakai ukun Fada Joseph Cardijn na Beljiyam: a duba halin da ake ciki, a auna shi da Bishara, a yanke abin da za a yi. Lutaran, waɗanda tushensu a Ngaundere da Garwa da Yagwa ya koma shekarun 1920, suna da abin da Martin Luther ya rubuta wa wanzaminsa a 1535, igiya mai tufka huɗu: me wannan yanki ke koya mini, me zan gode a kai, wane laifina ya tona, me zan roƙa. A ganinmu wannan ya fi kowanne dacewa da gidan da babu mai karatu, domin tambayoyi huɗu ne da ake ƙirgawa a yatsu. Baptis da sauran ikilisiyoyin bishara, har da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), ƙarfinsu bin littafi daga farko zuwa ƙarshe da haddar aya. Sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ta ba da 260 cif, wato Sabon Alkawari a shekara guda. Mai son dukan Littafin ya ji uku kullum, biyar ran Lahadi. Karin Magana surori 31 ne, kowace ranar wata da tata. Adbentis suna da darasin wata uku-uku mai karatun kowace rana, nasu kawai su rubuta lambobin makon a takarda ran Asabar da yamma. 'Yan Fentikos kuma sun kawo sa rai cewa Allah zai yi magana yau, a kan ciwon yau da bashin yau, abin da sauran ke bukatar koya daga gare su.

Babbar fa'idar rediyon, wadda ta sa muke yaba ta fiye da ayar da ake turawa a waya kowace safiya, ita ce ba ta iya tsinko aya guda. Dole ka ji maƙwabtanta. Kowa ya san Filibiyawa 4:13, ana rubuta ta a bayan babur da ƙofar shago. Danna 178 a kati na ɗaya ka ji abin da ya gabace ta: Bulus yana ɗaure, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ashe ƙarfin da yake nufi har da na jure watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Haka Irmiya 29:11, alkawarin nufin alheri. Surar wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, tana gaya musu zaman zai kai shekara 70, su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar garin da suka samu kansu su kuma yi masa addu'a. Wanda ya shekara goma a Minawao yana jiran ranar komawa zai ji wannan sura da wani kunne dabam, kuma abin da za ta sa shi yi gobe da safe ya fi abin da aya ta 11 ita kaɗai za ta sa shi yi: ya sa yaro a makaranta, ya koyi gaisuwar mutanen gari, ya shuka itace ko da ba shi zai sha inuwarsa ba.

Wasiƙar Yakubu kuwa kamar don kasuwa aka rubuta ta, kuma surori biyar ne kacal, ba su kai rabin awa ba. Sura 4 tana magana da masu cewa yau ko gobe za mu tafi gari kaza mu shekara muna ciniki mu ci riba, tana koya musu su ce in Ubangiji ya yarda, kalmar da Bahaushe ke faɗa kullum har ya daina jin nauyinta. Sura 5 tana cewa ladan masu girbi da aka danne yana kuka. Mai gonar albasa ko auduga ko masakwa da ya ɗauki 'yan ƙwadago ya ce su dawo ran kasuwa, ran kasuwa ya ce sai wani mako, ba ya bukatar mai fassara. A haɗa da Karin Magana 11 a kan ma'aunin algus, sai mai awon gero ta dubi gindin mudunta da aka bubbuga ya shiga ciki. Irin wannan aiki da Nassi babu Katolika babu Baptis a cikinsa. Inda ɗarikoki suka rabu, kamar ranar sujada, cin wani nama ko shan bilbil, wato burkutu, Romawa 14 ita ce surar da ya kamata taron haɗaka ya ji tun a zaman farko: lamba 131 a kati na ɗaya.

Akwai amfani guda da ba mu yarda da shi ba, kuma ya yaɗu. Wasu sukan sa Zabura 91 a kan maimaitawa, su tura rediyon ƙarƙashin matashi ko su rataye ta a ƙofa har gari ya waye, don korar mayu da ɓarayi. Tsoron dare a ƙauyukan bakin iyaka ba abin raini ba ne, kuma yin addu'a da wannan zabura kafin barci tsohuwar al'ada ce, tana cikin addu'ar dare ta sufaye tun ƙa'idar Benedik a ƙarni na 6. Amma addu'a sai da mai yin ta. Sautin da ke tashi ba mai saurare ya zama laya, ko da kalmomin na Dawuda ne. Matiyu sura 4 ta nuna Iblis da kansa ya ja aya daga wannan zabura don ya sa Yesu ya gwada Allah. A ji ta sau ɗaya a farke, iyali su amsa da amin, a kashe rediyo. Batir ma zai kai safe.

Ƙarar lasifika tana isa ɗaki ko tsakar gida mai mutum goma zuwa goma sha biyar. In an murɗa ta har ƙarshe sai murya ta fashe, batir ya zube. Zumuntar mata ko taron da ya fi haka su nemi wadda ke da ramin fitar da sauti su jona da babbar lasifika, ko su tambayi ikilisiya ko tana da irin na'urorin da ƙungiyoyin mishan ke rabawa, kamar Proclaimer mai faifan sola da hannun murɗawa, wadda aka yi musamman domin sauraron taro. Dabarar gida ita ce a ɗora rediyon a cikin faffaɗan kwano ko ƙwarya, bakin lasifika na kallon jama'a, sauti yakan ƙaru ba tare da an taɓa maɓalli ba. A unguwannin Garwa da Marwa, inda katanga ɗaya ke raba gidan Kirista da na Musulmi, a rage murya da asuba da lokacin kiran salla, a kuma zaɓi lokacin sauraro da ba zai zama gasa da kowa ba. Bayan cin tuwon dare ya fi dacewa: sura ɗaya ta minti huɗu ko biyar, a sake ta in yara sun yi surutu, tambayoyi huɗu, addu'a, duka bai wuce minti 20 ba. Kafin a tashi, a sa wani yaro ya rubuta lambar gobe da alli a jikin ƙofa.